Yadda Ake Adana Kwafin Muhimman Fayiloli a Kwamfutocin da Ke Haɗe da Juna

Kafin a taɓa wata manhaja, sai a tantance fayilolin da ɓacewarsu za ta tsayar da aiki, kamar takardun lissafi da rumbun bayanan abokan hulɗa, domin mai son kwafe komai yakan cika faifai da tarkace. Daga nan a bi ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urorin ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani gini daban, tunda gobara guda ta ishi kwamfutoci biyu da ke ɗaki ɗaya.

Wajen tura kwafin, manhajar rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, har yanzu tana biyan buƙata, saboda takan kwatanta fayil ɗin nan da na can, ta aika ɓangaren da ya canja kawai. A bi da ita ta SSH, hanyar haɗa kwamfutoci biyu cikin sirri, domin bayanan su tafi a rufe, a kuma sa mata lokaci da cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ta riƙa gudana kowane dare.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mayar da kwamfuta ta biyu madubin ta farko. Idan ma'aikaci ya goge babban fayil bisa kuskure da yamma, umarnin --delete na rsync, mai cire duk abin da babu shi a ta farko, zai goge na can da dare, gari ya waye babu ko ɗaya. Tsarin RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, shi ma bai tsallake wannan ba, mutuwar faifai kaɗai yake karewa. Saboda haka a ajiye kwafin kowace rana da kwanan watansa, na aƙalla wata guda, kuma umarnin --link-dest yana hana fayilolin da ba su canja ba cin wuri sau biyu.

A ganina ya fi aminci sabar ajiya ta riƙa janyo fayilolin da kanta, ba tare da sauran kwamfutocin suna da izinin rubutu a kanta ba. Dalili kuwa, muguwar manhajar WannaCry, wadda ta kulle fayiloli don neman kuɗin fansa a watan Mayun 2017, daga kwamfuta zuwa maƙwabciyarta ta riƙa yaɗuwa.

Duk wata a dawo da wasu fayiloli kan wata kwamfuta daban, a buɗe su, sannan a kwatanta lambarsu ta SHA-256, wato lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, da ta asali.