Darasi na 7: Auna Gero Kafin Ka Auna Shadda

Da kaka ake gane mai lissafi. An yanke gero, an sayar da riɗi, kuɗi sun shigo hannu lokaci guda. A watan nan ne masu tallan waya da babur da shadda ke cika kasuwannin ƙauye, domin sun san aljihun manomi ya yi nauyi. Hatsi kuma a lokacin ya fi araha, tunda kowa ya fito da nasa. Mai saye daga Dawanau zai kwashe ya ɓoye. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, geron nan da ka sayar da araha shi za ka dawo kana nema da tsada, wani lokacin ma da bashi.

Saboda haka kafin ka kai buhu ko ɗaya kasuwa, zauna da uwargida ku yi wannan lissafi. Ita ta san abin da tukunya ke ci. A ce gidanku kwano 2 ake aunawa kullum. A wata kwano 60 ke nan, a wata 12 kuma kwano 720. Idan buhu yana cin kwano 40, gidanku na buƙatar buhu 18 kafin wata kakar ta zagayo. Fitar da zakka tukuna: kashi ɗaya cikin 10 ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga wanda aka yi wa ban-ruwa da inji. Ware iri. Ware buhu 18 ɗin nan, ka ƙara ɗaya saboda baƙi. Abin da ya saura shi ne naka na sayarwa.

Akwai wani dattijo a yankinmu na Gumel, yana da shanun noma, yana da gonaki, ya sauke farali, amma har yau tsohon babur yake hawa. Rannan ɗansa ya same shi a zaure.

"Baba, mutane fa suna magana. Wanda bai kai ka ba ma ya sayi mota."

"To, madalla. Ita motar me take ci?"

"Mai."

"Me take haifa?"

Yaron ya yi shiru. Dattijon ya nuna garken tumaki da haɓa, ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

Kada wani ya ce rowa ce. Marowaci iyalinsa ke kwana da yunwa, shi yana ƙirga kuɗi. Gidan dattijon nan kuwa ana cin nama ranar kasuwa, yara na zuwa makaranta da takalmi, mara lafiya ba ya kwana ba magani. Abin da ya ƙi shi ne sayen abu don a gani a faɗa. Aya ta 29 ta Suratul Isra'i ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya.

Ƙananan kashe-kashe ma suna da haƙori. Naira 300 kullum a teburin mai shayi ko katin waya, a wata ta zama 9,000, a shekara 108,000. Ba a ce ka daina shan shayi ba. Amma ranar Alhamis ka leƙa kasuwar Maigatari, ko ta Wudil ranar Juma'a, ka tambayi abin da wannan kuɗin zai ɗaure maka a turke.

Wurin biki kuwa nan ne ake yin ɓarin da ya fi ciwo. An sayar da gona an yi kayan ɗaki, an ci bashi an yi anko, kwana 7 an watse, mai bashi na sallama. Iyaye mata, daidai ruwa daidai tsaki. Kwasar adashi in ta zo, a fara tunanin akuya ko jarin ƙuli-ƙuli kafin atamfa ta huɗu.

Ajiyar takardar kuɗi a ƙarƙashin katifa ita ma ba dabara ba ce. Gara na ci, gobara na ci, tsadar kaya na rage mata ƙarfi tana kwance. Mun ga yadda masu irin wannan ajiya suka yi ta safa da marwa a farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000. Raba ajiyarka: wani a rumbu, wani a turke, kaɗan a asusun banki ko a hannu saboda lalurar dare.

Aikin gida: tambayi mai girki kwano nawa ake aunawa a gidanku kullum. Rubuta adadin a littafinka, ka lissafa na wata da na shekara, ka mayar da shi buhu. A ƙasa kuma rubuta duk abin da ka saya daga yau har kwana 7, ko da goron naira 50 ne. Ka zo da littafin aji mai zuwa.