Yadda ake gane lahani a bututun tsohuwar libarba kafin a saya

Da yawa daga cikin libarba ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, da ake jerawa a kantunan bindigogi na Amurka tsofaffin ƙirar kamfanin Smith & Wesson ne, waɗanda 'yan sanda suka ajiye a shekarun 1980 da 1990 lokacin da suka koma bindigogi masu ɗura kansu irin Glock. Wata sai dai fentinta ya goge saboda zaman kube, cikinta kuwa garau. Wata tana ƙyalli a waje, bututun ya riga ya mutu. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin jerin da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka bayanin nan na mazauna inda doka ta yarda ne, da kuma masu kula da rumbun makamai.

Kafin komai, tura ganga gefe, wato ƙarfen nan mai juyawa da ake zuba harsasai a ramukansa, ka leƙa kowane rami, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya don ka tabbatar babu harsashi a ciki. Ko mai kanti ya duba a gabanka, sake dubawa da kanka. Ganga za ta zauna a buɗe muddin idonka yana kan bututu.

Daga nan sai wanki. Ba a yanke wa bututu mai dauɗa hukunci, domin ragowar dalma da toka sukan yi kama da lalacewa, mai kuma idan an lafta shi yakan rufe ramukan tsatsa ruf. Nemi izini ka wuce da buroshin tagulla sau biyar ko shida, ka bi da busasshen tsumma. Mai sayarwar da ya hana ka wannan, ni dai na fi zaton akwai abin da yake ɓoyewa. Dalma takan fito siri-siri, ruwan toka, galibi daga can gindin bututu. Abin da ya tafi da buroshi ba lahani ba ne.

Yanzu haske. Kada ka dallara tocila kai tsaye cikin bututu, za ta kashe maka ido ne kawai. Sa farar takarda a gurbin da ganga ta bari, ka haska takardar, ka leƙa ta baki. Za ka ga layukan da suke murɗa harsashi: Smith & Wesson ta saba yin biyar masu juyawa dama, kamfanin Colt kuma shida masu juyawa hagu. Ana so gefunansu su fito rangaɗau daga farko har ƙarshe. Ɗigo-ɗigon baƙi da suka ƙi goguwa ramukan tsatsa ne, kuma sun fi yawa a bindigogin da suka ci harsashin zamanin da, wanda sinadarin tayar da wutarsa yake barin gishiri mai jawo laima. Idan 'yan kaɗan ne marasa zurfi, bindiga za ta ci gaba da harbi daidai, sai dai tana tara dalma da wuri. Wannan hujjar neman ragi ce, bai kai a fasa ciniki ba.

Abin da ya kai a fasa shi ne kumburi. Wani lokaci harsashi yakan zo da ƙarancin albarushi ko ma babu, sai ya maƙale a tsakiyar bututu. Idan mai harbi bai lura da raunin ƙarar ba ya sake danna kunama, na biyu ya taras da na farko, ƙarfen sai ya buɗe a wurin. Ta ciki za ka ga zobe mai duhu ya kewaye bututun, kamar inuwar da ba ta gusawa ko ka juya haske. Ta waje kuma, shafa da yatsu biyu a hankali daga gindi zuwa baki, yatsa ya fi ido gane tudu. Bututu mai kauri yakan ɓoye shi, don haka a ƙara da gwajin tsumma: naɗa shi ya matse sosai a kan sandar wanki, ka tura sannu sannu. Idan yana tafiya da ƙyar sai ya zame sakwaf a wani wuri, sannan ya sake matsewa, to ka samo shi. Ba a gyara kumburi, sai dai a canza bututun gaba ɗaya.

Wurin da masu saye suka fi mantawa shi ne gindin bututu, inda aka buɗa shi kamar mazurari don ya karɓi harsashi daga ganga. Nan wuta ta fi ci. Ɗauko madubin ƙara girma ka bi bakinsa a kewaye. Ɗan kaushi da zaizaya alamar yawan aiki ne. Tsaga kuwa, ko da ta kai siririn gashi, ta gama magana. Model 19 ta Smith & Wesson, mai cin harsashin .357 Magnum, ta yi suna a kan wannan. An shafe ƙasan gindin bututunta don ganga ta samu wurin rufuwa, sai ƙarfen wurin ya zama siriri, kuma harsasai marasa nauyi masu gudu, na kusan giram 8, sun fi tsaga shi a kan na giram 10. Saboda haka idan ita ce a hannunka, duba daidai inda ƙarfe shida yake a fuskar agogo, ka sake dubawa. Idan kuma dalma ta taru a gefe ɗaya kaɗai na mazurarin, ramin ganga ba ya saituwa da bututu ke nan. Wannan aikin maƙerin bindiga ne, yana da sandar awo da yake zurawa ya tabbatar. Ɗan layin da wuta ta zana a ƙarfen da ke saman wurin kada ya tsorata ka, yawanci yakan kai wani zurfi ya tsaya.

Rufe ganga, ka auna tazarar da ke tsakaninta da gindin bututu da siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna fulogi. Tsakanin milimita 0.1 da 0.2 shi ne daidai. Idan ta haura 0.25, wuta da ɓarɓashin dalma za su riƙa fesowa gefe. Auna a kowane rami, ka kuma tura ganga gaba da baya ka ji ko tana wasa.

Saura bakin bututu. Zagaya shi da audugar goge kunne. Inda zare ya maƙale, akwai ƙwarzane ko lotsawa, galibi daga faɗuwa ko daga sandar wanki da aka riƙa gogawa a gefe. Yana karkatar da harsashi, amma maƙeri zai sake yanka bakin a kuɗi kaɗan. Kana nan riƙe da ita, miƙa hannu ka dubi saitin gaba, wato ɗan ƙarfen da ke saman bakin bututu da ake saiti da shi: idan ya jirkice hagu ko dama, an ɗaura bututun ya zarce ko bai kai ba, kuma ya kamata ka tambayi wanda ya taɓa kwance shi.