Kurakuran da ake yi wajen auna fargabar dattawa a Zangon Kumasi

Ka tambayi dattijuwa a unguwar Aboabo ko tana da damuwa, amsar ɗaya ce: "Alhamdulillahi", ko da ta kwana uku ba ta runtsa ba. Kawaici ne da tawakkali. Kuskuren shi ne a rubuta "lafiya lau" a wuce. Gara ka gaishe ta sosai, sannan ka ce, "Hajiya, kuna samun barci? Gabanku yana faɗuwa haka kawai?" Na ga wata da ta yi shiru tana jan carbi, sai da ɗanta ya fita waje sannan ta ce tun da ta zame a banɗaki ba ta ƙara zuwa kasuwar Asawase ba. Kada ɗa ko jika ya zama tafinta idan da hali, uwa ba ta buɗe cikinta a gabansu.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin kansa. Takardar auna fargaba ta GAD-7, wadda ta fito a 2006, tambayoyi 7 ce a kan makonni biyu da suka wuce, maki daga 0 zuwa 21, kuma an saba ɗaukar 10 a matsayin iyakar da ke nuna akwai fargaba. To amma dattijo kan rage abin da yake ji, sai makinsa ya tsaya ƙasa da iyakar alhali yana cikin wahala. Ma'aunin fargaba na Beck mai tambayoyi 21 kuwa matsalarsa akasin haka ce: ya cika tambaya a kan jiri, rawar hannu da bugun zuciya, abubuwan da ciwon zuciya, faɗuwar suga, maganin asma na shaƙa, har ma da yawan cin goro ke kawowa. Sai mai ciwon jiki ya fito kamar mai fargaba. Saboda haka aka yi wani ma'aunin mai suna GAI a Ostiraliya a 2007 domin tsofaffi, tambayoyi 20, amsar e ko a'a. Ko shi ma a auna makin ɗan shekara 75 da na tsaransa, kada a haɗa shi da ɗan 30.

A duba magungunan da dattawan suke sha tukuna, har da na gargajiya. Idan fargabar ta hana barci ko fita masallaci, a kai su asibiti. Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.