Babi na 6: Zaɓen madubin bindiga don farautar barewa a kurmi

Duk shekara idan watan Nuwamba ya gabato, wasu daga cikinku a ajinmu na manya a nan New York sukan ce abokan aiki sun gayyace su farautar barewa a tsaunukan Katskil ko na Adirondak. Sai ku zo mini da hoton kwalin madubin bindiga a waya, kuna tambaya me lambobin nan suke nufi. Domin ku na rubuta wannan babi. Ku karanta a hankali, ku sa yatsa a kan kowane layi. Wanda bai gane ba ya koma baya, ba abin kunya ba ne.

Kafin mu shiga, ku riƙe wannan. Ba a farauta a jihar nan sai da lasisi, kuma sabon mafarauci ba ya samun lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. Mazaunin cikin birnin New York yana buƙatar izini na daban daga 'yan sanda kafin ya ajiye doguwar bindiga. Wanda ba shi da takardun zama, dokar Amurka ta hana shi riƙe bindiga kwata-kwata. Idan ba ka cika waɗannan ba, ka koyi lissafin da ke babin nan, amma kada ka taɓa bindiga.

Darasi na 1: Mene ne madubin bindiga?

Wani bututu ne da ake ɗaurawa a saman bindiga, da gilashi a kowane baki. Masu kanti suna kiransa sikof. Bakin da ke kusa da idonka shi ne gilashin baya. Bakin da ke fuskantar daji shi ne gilashin gaba. Ta gilashin gaba haske yake shiga. Kusa da gilashin baya akwai wani zobe mai lambobi da ake murɗawa, shi ke jawo abu kusa ko ya mayar da shi nesa.

Ku duba hoton da ke allo. Ku nuna gilashin gaba. Ku nuna na baya. Ku nuna zoben. Madalla.

Dajin da za ku shiga ba irin filin da muka sani a gida ba ne, inda mutum ke hango barewa daga nesa. Kurmi ne mai sarƙaƙiya, itatuwa a cushe, ko da hantsi akwai duhu-duhu a ƙarƙashinsu. Barewar nan mai farar wutsiya ta fi yawo da asuba da kuma gab da magariba. Tun shekarar 2021 dokar jihar New York ta yarda a fara farautarta rabin awa kafin fitowar rana, a daina rabin awa bayan faɗuwarta. A irin wannan kurmi da wuya ka harba nesa da yadi 100, sau da yawa ma tana yadi 40 ko 50 daga gare ka. Saboda haka abu biyu kake nema a madubi: ya nuna maka fili mai faɗi, ya kuma yi haske lokacin da gari bai gama wayewa ba.

Darasi na 2: Karanta lambobin

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

A jikin kowane madubi da kwalinsa za ku ga rubutu irin wannan:

3-9x40

Wannan ba lissafi ba ne. Na sake faɗa, ba lissafi ba ne. Mun koya muku a babin baya cewa ɗan karan nan alamar ɗebewa ce, kuma x alamar sau ce, don haka da yawanku kuna gani sai ku fara ɗebe 3 daga 9, ko ku ninka 9 sau 40. Ba laifinku ba ne, abin da kuka koya kuka bi. Amma a nan ma'anarsu dabam ce.

Ku rufe 40 da babban yatsa. Me ya rage? 3-9x. Ana karanta shi haka: daga sau 3 zuwa sau 9. Wato idan ka murɗa zoben zuwa 3, barewa za ta yi girma a idonka sau 3. Idan ka murɗa zuwa 9, za ta yi girma sau 9. Ɗan karan nan yana nufin “zuwa”.

Yanzu ku ɗaga yatsa, ku rufe 3-9x. Me ya rage? 40. Wannan faɗin gilashin gaba ne, milimita 40. Ku ɗauko rula ku nemo santimita 4. Faɗinsa ke nan.

Lambobin da ke gaban x, wato na hagu, ƙarfin jawowa. Lambar da ke bayan x, wato ta dama, faɗin gilashin gaba. Ku faɗa da baki sau uku.

Mu gwada wani: 2-7x33. Daga sau 2 zuwa sau 7, gilashin gaba milimita 33.

Wani kuma: 1-4x24. Daga sau 1 zuwa sau 4, gilashin gaba milimita 24. Sau 1 yana nufin kamar yadda idonka ke gani ba tare da madubi ba.

Wani kuma: 4x32. A nan babu ɗan kara. Me ya sa? Domin wannan madubi ba shi da zoben murɗawa, kullum a sau 4 yake. Gilashin gaba milimita 32. Irin wannan ba ya rikita mai shi, ni kuwa ina ganin darajarsa ƙwarai ga mai koyo.

Wani dattijo a ajinmu, direban tasi ne, ya yi mako uku yana ce mini 40 ita ce ƙarfin madubin. Ranar da ya ɗora rula a bakin gilashin ya ga santimita 4 cif, sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, ashe awo ne.” Tun daga ranar bai sake kuskure ba. Ku ma ku auna da hannunku.

Aiki: ku rubuta waɗannan a littafinku, ku fassara kowanne da kalmomi. 1.5-5x20. 3-9x50. 6-24x50. 2.5x20.

Darasi na 3: Babbar lamba ba ita ce mai kyau ba

Kun karanta 6-24x50 a aikin jiya, na ga idanunku sun tsaya a kanta. Na san abin da kuke tunani: sau 24, ai wannan shi ne sarki. To ku saurara.

Ku naɗe takarda ta zama bututu mai faɗi, ku leƙa ɗakin nan. Kuna ganin allo da ƙofa. Ku matse ta ta zama siririya, ku sake leƙawa. Yanzu ɗan yanki na allo kawai kuke gani. Haka madubi yake. Idan ƙarfin jawowa ya ƙaru, filin da kake gani sai ya tsuke. Madubi 3-9x40 a sau 3 yakan nuna maka faɗin kimanin ƙafa 33 a nisan yadi 100, a sau 9 kuwa kimanin ƙafa 13 kacal. Barewa ta ɓullo a yadi 30 tsakanin itatuwa, kai kuma madubinka ba ya sauka ƙasa da sau 6, sai ka ɗaga ka ga ganye da ɓawon itace, kafin ka nemo ta ta tafi. A kurmi, lambar farko ita ce abin dubawa. Ka nemi wanda ya fara da 1, ko 1.5, ko 2. Idan ya fara da 3, da dama-dama. Fiye da haka ka bar wa masu harbi a fili.

Saura maganar haske, kuma nan ne kawai za ku yi lissafi na gaske. Ka riƙe madubi nesa da fuskarka tsawon hannu, ka fuskantar da shi taga. A gilashin baya za ka ga wani ɗan da'ira na haske kamar ƙwayar gero ko ta wake. Murɗa zoben zuwa babbar lamba, sai ya ƙanƙance. Mayar da shi ƙarama, sai ya buɗe. Wannan ɗan da'irar shi ne hasken da ke isowa idonka. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar idon mutum yakan buɗe a duhu har kimanin milimita 7 ga matashi, ga wanda ya manyanta kuwa kimanin 5. Idan da'irar hasken ta gaza wannan, hoto sai ya dushe. Saboda haka muna son 5 ko fiye.

Ga yadda ake gano ta. Ka ɗauki lambar bayan x, ka raba ta gida-gida da lambar da zoben yake kai.

4x32: raba 32 gida 4, ka sami 8. Ya yi.
1-4x24 a sau 4: raba 24 gida 4, ka sami 6. Ya yi.
3-9x40 a sau 5: raba 40 gida 5, ka sami 8. Ya yi.
3-9x40 a sau 9: raba 40 gida 9, ka sami 4 da ɗan kai. Bai kai 5 ba. Madubin ɗaya ne, zoben kawai aka murɗa. Da asuba ko magariba ka sauko da shi.

Rabawa ake yi. Lambar baya ita ake rabawa. Ba a ninkawa.

Na duba littattafanku na makon jiya, mutum nawa ne suka rubuta 360 a gaban 3-9x40? Haba jama'a. Mun faɗa a darasi na 2, mun faɗa a allo, mun faɗa da baki tare. Milimita 360 ta fi tsawon rular da ke hannunku, ta yaya za ta shiga idon mutum? Idan amsarka ta fi lambar bayan x girma, ka san ka ninka ne, goge ka sake. Kuma wasunku ba ku yi aikin ba sam, kun zo kuna kwafa daga na kusa da ku. A daji babu wanda za ka kwafa wurinsa. Kuɗin guminku za ku kai kanti, mai kanti kuma ba zai hana ku sayen abin da bai dace da ku ba.

Mu sake. 2-7x33. Lambobin gaban x, ƙarfin jawowa, daga sau 2 zuwa sau 7. Lambar bayan x, faɗin gilashin gaba, milimita 33. A sau 5, raba 33 gida 5, ka sami 6 da rabi da ɗan ɗoriya. Ya yi. Idan kun tambaye ni wanne zan saya wa ƙanena don kurmi, wannan ne, ko 1-4x24. Yana tafiya cikin daji zoben na kan ƙaramar lamba, ba ya ɗaga shi sai da dalili.

Darasi na 4: Layukan saiti

Idan ka leƙa ciki za ka ga layuka biyu sun gitta juna. Inda suka haɗu nan kake saitawa. A duhu siririn layi yakan ɓace cikin rassa. Ka nemi wanda layukansa suke da kauri daga gefe, suka sirance a tsakiya. Sunansa Duplex, kamfanin Leupold ne ya fito da shi a 1962, yanzu kusan kowane kamfani yana yin irinsa. Akwai mai jan ɗigo a tsakiya da ke aiki da batir. Yana taimakawa, amma ka riƙe batir na biyu a aljihu. Mai tarin ɗige-ɗige da lambobi a ciki, ka bar shi.

Kada ka taɓa ɗaga bindiga don ka leƙa ka ga mene ne ke motsi. Duk abin da madubi ya kalla, bakin bindiga ya kalle shi, kuma mai motsin yana iya zama mutum. Don dubawa, ka rataya tabaron hange a wuya. Ka sa rigar ko hular nan mai ruwan lemo da doka ta wajabta.

Darasi na 5: Tazarar ido

Bindiga tana tokarowa baya idan ta tashi. Idan idonka ya matso gilashin baya, bakin madubin zai fasa maka gira. Ka nemi wanda kake ganin cikakken hoto alhali idonka yana nesa da shi inci 3 da rabi zuwa 4. Ka gwada a kanti sanye da rigar sanyinka mai kauri.

Darasi na 6: Gilashi da hazo

Karkata gilashin gaba a ƙarƙashin fitila. Mai kyau yakan nuna ɗan launin kore ko shunayya, alamar an yi masa shafen da ke barin haske ya wuce. Ka tambayi mai kanti ko duk gilasan ciki suna da shafen, ko kuma ruwa da hazo suna shiga.

Darasi na 7: Zobban ɗauri

Kaurin bututu iri biyu aka fi samu, inci 1 ko milimita 30. Zobban da za su riƙe shi su yi daidai da kaurinsa. A kanti za a ɗaura maka.

Darasi na 8: Gwaji

Ka je filin koyon harbi kafin ranar farauta, ka daidaita saiti a yadi 50.

Aiki: ku nemo da'irar haske kamar yadda muka yi a darasi na 3. 1.5-5x20 a sau 4. 3-9x40 a sau 8. Ku kawo amsa ranar Asabar.