Darasi na 9: Ciwon Ɓarin Kai da Ƙwayar Tazarar Haihuwa

Ba kowane ciwon kai ne ciwon ɓarin kai ba. Shi wannan yakan kama gefe ɗaya, yana sara kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya, wani lokaci har da amai. Mace ta shige ɗaki ta saki labule, ko kukan ɗanta ba ta son ji. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3, kuma ya fi kama mata.

Ƙwayar tazarar haihuwa iri biyu ce. Akwai mai haɗi, wadda ke da sinadarai biyu, istirojin da furojestin. Akwai mai furojestin kaɗai, wadda aka saba bai wa masu shayarwa. A katin mai haɗi mai ƙwaya 28, galibi guda 21 ne ke da sinadarin, 7 na ƙarshe babu. A wannan makon istirojin ke sauka a jiki, jini ya zo, wasu matan kuma kai ya sara.

To, 'yar'uwa, ga inda za ki natsu. Wasu matan, kafin ciwon ya sauko, sukan ga alama na minti 5 zuwa awa ɗaya. Kina tsintar shinkafa, sai ki ga walƙiya-walƙiya ko layi mai kama da haƙoran zarto, rabin tiren ya ɓace miki. Ko hannu da leɓe su yi dindiris, ko harshe ya sarƙe. Sau da yawa a gida akan ce iska ce, a yi shiru. Ba abin ɓoyewa ba ne. Mai irin wannan alama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta sha ƙwaya mai haɗi, ko shekarunta nawa, domin istirojin na ƙara mata haɗarin daskarewar jini a ƙwaƙwalwa, wato shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini da shan taba suna ƙara haɗarin.

Wannan bai rufe miki ƙofar tazara ba. Ma'aikaciyar lafiya za ta duba wadda ta dace da ke: robar mahaifa, ashanar hannu, allurar wata 3, ko ƙwayar masu shayarwa. Shi ya sa karɓar kati a kemis ba tare da an auna jininki ba ganganci ne. Idan kuma baki ya karkace ko hannu ya saki, a tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Aikin gida: Ki sa alama a kalanda duk ranar da kanki ya yi ciwo, ki rubuta abin da idonki ya gani kafin ya fara. Ki tafi da ita asibiti ranar karɓar ƙwaya.