Kafin 25 ga Afrilu ta same ku a Ostiraliya

Ƙannena da kuka iso bana, sannunku da zuwa. Buɗe asusun banki da karɓar lambar haraji ba sai na ɓata muku lokaci a kansu ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne ranar Anzac, wato hutun 25 ga Afrilu na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi (Anzac gajeren sunan rundunar Ostiraliya da New Zealand ne), domin kowace shekara sai wani namu ya yi ɓaran-ɓarama a kanta.

A ranar 25 ga Afrilun 1915 sojojin Ostiraliya da New Zealand suka sauka a Galipoli, gaɓar Turkiyya. Ostiraliya a lokacin ba ta kai mutum miliyan biyar ba, amma Yaƙin Duniya na Farko ya ci mata kimanin 60,000. Shi ya sa da wuya ka shiga ƙauye a nan ba ka ga dutsen sunaye a tsakiyar gari ba. Ranar Anzac mutane kan fito tun duhun asuba, cikin sanyi, su tsaya tsit.

Ku riƙe suna ɗaya ko don hira da abokan aiki: Manjo Janar William Bridges, kwamandan sojojin Ostiraliya, wanda ya kafa kwalejin soja ta Duntroon a 1911. Ran 15 ga Mayun 1915 aka harbe shi a cinya a Galipoli, harsashi ya tsinke jijiyar jini, ciwon ya ruɓe, ya cika ran 18 ga wata a jirgin ruwan asibiti. An dawo da gawarsa, kabarinsa na nan a Kanbera. Sauran dubban kuwa can aka bar su, yawancin iyayensu ba su taɓa ganin kabarinsu ba. In kun san haka za ku gane dalilin da ya sa tsohon hoton soja a bangon falo ba kayan ado ba ne.

A nan ne maganar ta haɗu da haya, wadda ita ce ta fi ba mu wuya. Wani yaronmu ya samu ɗaki a gidan wata dattijuwa, da kyar da jiɓin goshi, bayan ya ajiye kuɗin jingina na mako huɗu. A zauren akwai hoton ƙanen mahaifinta, wanda rauni ya kashe a Faransa, da jan fure na takarda a maƙale jikin firam. Da safiyar ranar Anzac sai ya tara abokai, aka kunna kiɗa, wani ya sauke hoton ya jingine a ƙasa don a rataya riguna. Baiwar Allah ta dawo daga taron asuba da lambobin girman mamacin a ƙirjinta na dama, ta tarar. Ba ta ɗaga murya ba. Da wa'adin haya ya cika dai ba ta sabunta ba, kuma da dillalin sabon gida ya kira neman shaida, abin da ta faɗa bai taimake shi ba. Ni na ɗanɗana neman gida babu shaidar tsohon mai gida: ka cike takarda, ka kawo shaidar albashi, ka bi layin duba gida da mutum ashirin, a ce maka an ba wani. Ba na yi wa kowa fatan haka. Sai da dattawanmu suka je suka ba ta haƙuri, wani ya ba yaron masauki. A wannan fannin jama'armu ba ta da na biyu, amma haƙurin mutane ba rijiya ba ce.

Sai masu zuwa wurin aiki suna cewa ai Musulmi suka yaƙa. Gaskiya ne da sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya aka gwabza, su ma sun yi asara mai yawa. To amma kusa da gidan tunawa da yaƙi na Kanbera akwai wurin girmama Ataturk, kwamandan sojojin Turkiyya da ya yi musu turjiya a Galipoli. Mu da kakanninmu suka je Bama a Yaƙi na Biyu, wasu ba su dawo ba, bai kamata a koya mana ladabin makoki ba.

Ranar Anzac kantuna da yawa a rufe suke da safe, a yi cefane tun jajibere. Kada ka sa lambar girman da ba taka ba, ta dangi ma a dama ake sa ta. Masu sana'a, kalmar Anzac doka ta kare ta, ba a liƙa ta a haja sai da izini. Ran 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Farko, da ƙarfe 11 ana shiru na minti ɗaya, a kashe ƙarar waya. Ranar Anzac tana cikin littafin jarrabawar zama ɗan ƙasa kuma, tambaya 20 ce, ana neman kashi 75.

Wanda ya samu hali ya je Kanbera. Shiga gidan tunawar kyauta ne, bangonsa na ɗauke da sunaye sama da 102,000, kuma kowace yamma kafin a rufe ana karanta tarihin mutum ɗaya daga cikinsu. Ku tafi da yaranku.