Yadda za ka canja hali ya zauna, ba na sati biyu bayan azumi ba

Kowa a Damagaram ya san wannan abu, azumi ya zo mutum ya gyaru, ya bar zagi ya bar kwana a fada ana shayi har ƙarfe biyu na dare, masallaci sahun gaba, to ana sallah da sati biyu sai ka ganshi ya koma inda ya fito, kuma in ka yi magana ya ce maka ai hali zanen dutse ne. Ni dai ban yarda da wannan magana ba gaskiya. Hali yana canjawa, abin da ke kada mu shi ne muna ɗauko komai lokaci guda, kuma ba mu taɓa zama shiru mu ga me ke gudana cikin kanmu ba. Allah da kansa ya ce a suratu Ra'adi aya ta 11 ba ya canja abin da ke ga mutane sai sun canja abin da ke cikin zukatansu, to yaya za ka canja abin da ba ka ma taɓa tsayawa ka kalla ba?

Fara da zaɓen abu ɗaya tak. Ba "ina son in zama mutumin kirki" ba, wannan ba a kama shi da hannu. Ka ce saurin fushi ga iyali, ko latsa waya har tsakar dare, ko kashe jika biyu kullum a abin da kai ma ba ka iya tunawa. Ɗaya. Sauran su jira.

Sai zaman natsuwa, nan ne aikin yake. Ka nemi lokacin da dama ba ka fashinsa ka manna zaman a jikinsa, kuma mu alhamdu lillahi muna da lokuta biyar a rana da ba sai agogo ya tuna mana ba. Bayan asuba ya fi, gari bai yi zafi ba, kabu-kabu ba su fara ƙara ba, yara ba su tashi shirin lakwal ba. Ka gama sallarka da azkar ɗinka, ka zauna a kan tabarmar nan, bayanka a miƙe amma ba a sandare ba, waya tana ɗaki ko a kashe, minti biyar kawai. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Dalilin da ya sa fitarwa ta fi tsawo shi ne bugun zuciya yana ɗan raguwa lokacin da mutum ke fitar da numfashi, shi ya sa jiki ke lafawa. Hankalinka ya tsaya a kan iskar nan da ke shiga tana fita.

Ba za ka kai numfashi uku ba tunani zai ɗauke ka, bashin da ake binka a kasuwar Dole, maganar da wani ya faɗa maka jiya, ko ruwa zai zo famfo yau. Yawancin mutane nan suke ajiyewa su ce ni ba zan iya ba kaina ya cika hayaniya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wallahi wannan ɗin shi ne atisayen. Zuciya kamar akuya ce a turke, za ta ja igiya, kai kuma ka jawo ta a hankali ba duka ba faɗa, ta sake ja ka sake jawowa. Duk lokacin da ka farga ka ce au na tafi, ka dawo, to ka koyi abin da kake nema, domin wannan fargar ita ce za ta zo maka da rana lokacin da yaro ya zubar da fura kuma bakinka ya buɗe zai saki zagi. Tsakanin tasowar fushi da fitar magana akwai ɗan lokaci ƙanƙani, wanda bai saba lura da kansa ba ba ya ganinsa sam, sai bayan ya yi ɓarna yake nadama.

Na san wani zai ce wannan ba abin 'yan Indiya ba ne ko na Turawa? Zaman lura da numfashi ban ce ibada ba ne kuma ba ya maye gurbin sallah ko zikiri, motsa hankali ne yadda ake motsa jiki. A Amurka tun 1979 wani masani Jon Kabat-Zinn ya shigo da irinsa asibitin jami'ar Massachusetts, shiri na sati 8 ga masu ciwo mai daɗewa da damuwa. Amma bin diddigin zuciya mu ma namu ne tun da daɗewa. Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 ya kawo matakai shida, uku na farko sun ishe ka farawa: da safe ka yi wa ranka sharaɗi, da rana ka sa mata ido, da dare ka yi mata hisabi.

Sharaɗin safe kar ya zama buri, ya zama shiri mai "in kaza ya faru zan yi kaza". Misali in na ji raina ya ɓaci ina tsaye zan zauna in yi numfashi uku kafin in buɗe baki, kuma dama hadisi ya zo cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kwanta. In waya ce matsalar, bayan isha'i tana kwana a caji nesa da shimfiɗa. Ka faɗe shi a ƙarshen minti biyar ɗinka, jimla guda.

Hisabin dare kuwa ƙaramin kaye da bik sun isa, layi biyu: yau a ina na riƙe, a ina na zame, me ya jawo. Kar ka mai da shi wurin zagin kanka, wanda ke cewa ni banza ne kullum ba ya gyaruwa, gajiya yake ya watsar. Bayan ɗan lokaci za ka fara ganin abin yana da lokacinsa, wataƙila duk faɗanka da rana tsaka ne cikin zafin Afrilu da Mayu ga yunwa ga an ɗauke wuta, ko duk zamewarka a fada ɗaya ce tare da mutum biyu da ka sani. To ka ga yanzu ka san me za ka gyara. Ba lallai ka rabu da abokanka ba, amma ka iya tashi bayan kofi na biyu, kuma ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi abin da kake yi don ya riƙa tambayarka ranar Juma'a. Mata ma haka, in asuba ba ta yiwuwa saboda girki da yara, bayan walha in gida ya yi shiru ya yi.

Maganar da ake yawo da ita a WhatsApp cewa kwana 21 sun isa sabon hali ya zauna, ka ajiye ta. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, ya fito a 2009, sun bi mutum 96, suka ga matsakaicin lokacin da sabon abu ke zama jiki kwana 66 ne, wani 18 wani har 254, kuma fashin rana guda bai rusa aikin ba. Saboda haka in biki ko rasuwa ko tafiya Maraɗi ta sa ka yi fashi, washegari ka koma tabarmarka ba tare da ramuwa ba, minti biyar ɗin dai. Abin da za ka kiyaye shi ne kar fashin ya zama kwana biyu uku a jere. Hadisin Nana A'isha a Buhari da Muslim ma ya faɗa, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, don haka kar zumuɗi ya sa ka fara da awa guda, in ka yi wata kana riƙe da biyar sai ka kai goma, hali na biyu kuma sai na farko ya daina yi maka nauyi.

Abu guda da ba zan ɓoye ba: in abin da kake fama da shi tramol ne ko wata ƙwaya, ko baƙin ciki ne da ya hana ka barci da abinci sati da sati, ko kana jin rayuwa ta ishe ka, zaman nan shi kaɗai ba zai wadatar ba, kuma yanke ƙwaya farat ɗaya yana iya jigata jiki. Ka je asibiti ka ga likita, ka tafi da wani naka. Haka kuma in ka zauna shiru sai tsoro ko wani mummunan abu da ya taɓa samunka ya riƙa taso maka da ƙarfi, ka buɗe ido ka tashi ka ɗan taka, gobe ka gwada minti biyu ido a buɗe kana kallon ƙasa, in ya ci gaba ka dakata sai ka yi magana da likita.